Akihabara: Inda Gem ɗin Yarintarmu Bai Mutu Ba

A Tokiyo ba a jera shaguna gefe da gefe kawai, ɗora su ake yi kan juna. Wanda ya fito daga tashar jirgin ƙasa ta Akihabara ta ƙofar da ake kira ta Unguwar Lantarki, ya miƙe yana kallon gabansa yadda muka saba a kasuwanninmu, zai wuce rabin abin da ya zo nema bai sani ba. Sai ka ɗaga kai. Kowane bene siriri ne, dogo, an liƙa masa alluna daga ƙasa har sama, kowane allo na shelar abin da ke hawa guda: nan wayoyi, sama da shi littattafan zane, sama da wannan wurin shan shayi, can ƙololuwa kuma wani ɗaki da ba za ka san abin da ake yi a ciki ba sai ka hau. Ga hayaniya ta ko'ina. Jirgi na wucewa a kan gada, lasifikar kanti na maimaita talla, daga wata ƙofa kuma kana jiyo kiɗan nan na tsofaffin gem, 'yan sautuka masu tsini, waɗanda duk wanda ya yi yarinta a shekarun 1990 zai gane ko daga barci aka tashe shi.

Ba da gem unguwar ta fara ba. Gobara ce ta cinye wurin a 1869, hukuma ta bar filin fayau don kada wuta ta sake samun abin tsallakawa, aka gina ɗan wurin bauta na neman tsari daga gobara, daga gare shi unguwar ta samu suna. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu sayar da kayan gyaran rediyo suka yi dandazo a ƙarƙashin gadar jirgi. Daga rediyo aka koma talabijin da firji da injin wanki, daga nan kwamfuta, daga kwamfuta sai gem da katun. Har yau wasu daga cikin rumfunan farko suna nan a ƙarƙashin gadar, faɗin kowacce bai wuce mazaunin mutum ɗaya ba, dattijo a ciki ya kewaye kansa da wayoyi da fis da ƙananan kayan gyara. Wanda ya san layin masu gyaran rediyo a kasuwar Sabon Gari ta Kano ba zai ji baƙunta ba, sai dai nan ba mai jan rigarka ya ce ka zo ka duba.

Ɗan rakiyata ƙanen wani abokina ne da ke karatu a birnin. Bayan shekarar 2000 aka haife shi, don haka gem a wurinsa abu ne da ke cikin waya ko a faifan PlayStation. Da na gaya masa abin da ya kawo ni unguwar, dariya ya yi. "Yaya, ka zo ƙasar da jirgin ƙasa ke tsere da iska, amma Mario kake nema?" Na ce masa shi dai ya shige gaba.

Shagon da kowa ke fara ambata shi ne Super Potato. Ba a kan babban titi yake ba, yana wani lungu a bayansa, kuma ba shi da ƙofa a ƙasa da za ta ja hankalinka. Hotunan Mario da Pac-Man da aka manna a tagogin sama su ne alama. Ka bi wata matattakala matsattsiya, wadda in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe, ka hau hawa na uku. Shagon ya ci hawa uku, na uku da na huɗu da na biyar.

Abin da ya fara tare ni tulin Famicom ne, an naɗe kowacce a leda an jibge su kan juna har kusan tsayin mutum. Wannan ita ce na'urar da Nintendo ya fitar ranar 15 ga Yuli, 1983 a kan yen 14,800, fara da ja, 'yar ƙarama, hannayenta biyu a ɗaure da jikinta da gajeriyar waya, ba a cire su. Hannu na biyu ma har da makirfon a jikinsa. Da ita da 'yar'uwarta da aka yi wa Amurka da Turai an sayar da sama da miliyan 61 a duniya. Kamfanin da ya yi ta tun 1889 yake a birnin Kiyoto, kuma da katin wasa ya fara sana'a. Na ɗauki ɗaya na jujjuya ta. Na kwashe yarintata ina buga gem ɗinta, amma ranar na fara taɓa ta.

Domin abin da ya zo mana ba ita ba ce. Nintendo bai kawo hajarsa kasuwanninmu da kansa ba, 'yan kasuwa ne suka cike gurbin da kwaikwayonta da ake ƙerawa a Taiwan da Chaina, irin wadda ta mamaye Rasha da gabashin Turai da ƙasashen Larabawa a lokaci guda. Wata baƙa ce da bindiga a kwalinta, wata an yi mata siffar allon rubutun kwamfuta, wata daga baya an yi mata jikin PlayStation don a ruɗi iyaye. Kaset ɗinmu kuwa ruwan ɗorawa ne, an rubuta masa cewa gem 9999 ne a ciki. Kowane yaro ya san ƙarya ce. Gem ɗin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sai a maimaita su da sabon suna, ko a fara maka daga wani mataki daban, ko a sauya launin sararin sama. Amma mun yafe, don 'yan kaɗan ɗin nan sun ishe mu: Mario, da gem ɗin tanka, da harbin agwagwa, da Contra, da ɗan wasan nan da ke kan zaki yana tsallake zoben wuta.

A nan ga su kowanne da kaset ɗinsa, da sunansa na gaskiya, da shekararsa, sun cika bango launi-launi. Gem ɗin tanka ashe Battle City ne, na kamfanin Namco, 1985. Duk wanda ya buga shi ya san inda rigima take: gaggafar nan da ke ƙasan allo, wadda aikinku ku biyu shi ne ku tsare ta, amma harsashin abokinka ma yana iya fasa ta. Zumunci nawa ne ya yi tsami na yini guda saboda wani ya juya tankarsa ya harbi gida! Ɗan zakin kuma Circus Charlie ne na Konami. Shi kuwa Super Mario Bros., wanda Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka suka tsara aka fitar a Satumban 1985, duka matakansa 32 da kiɗansa da dodanninsa an cusa su ne a kilobait 40, abin da bai kai nauyin hoto ɗaya da ake turawa a WhatsApp ba. Don a yi tattalin wuri, gajimaren sama da ciyawar ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya. Na nuna wa ɗan rakiyata a wata talabijin da ke kunne. Ya ƙura ido, ya ce, "Kai! Wallahi haka ne."

A gaban wannan talabijin ɗin ne na lura da wani abu da ya daɗe yana sosa mini kunne tun shigowata. Kiɗan ya fi wanda na sani sauri. Ba kunnena ba ne. Talabijin ɗin Jafan da Amurka tana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa, tamu irin ta Turai sau 50, kuma yawancin gem na wancan zamani da bugun talabijin suke tafiya. Saboda haka na'urorin da aka daidaita da talabijin ɗinmu suna jan gem da kiɗansa a hankali da kusan kashi ɗaya cikin shida. Ke nan yaron Kano da yaron Tokiyo gem ɗaya suka buga amma ba da gudu ɗaya ba, kuma wanda nake kewa ɗin shi ne mai nawar. Na asalin ya zame mini baƙo.

Duk talabijin ɗin da ke shagon tsofaffi ne masu ƙusumbi, kuma ba don ado aka ajiye su ba. Bindigar harbin agwagwa, wato Duck Hunt na 1984, ba ta aiki da talabijin ta zamani. Ba abin da ke fita daga bakinta. Ido ne a ciki. In ka ja kunama allon yakan yi baƙi na ƙiftawa, sai a haska farin murabba'i a daidai inda agwagwar take. In idon bindigar ya ga hasken, ka samu. Talabijin ta yanzu takan ɗan yi jinkiri kafin ta nuna hoto, wannan ɗan jinkirin ya isa ya ɓata lissafin. Mu da muke manna bakin bindiga a jikin gilashi don kada karen nan ya fito ya yi mana dariya, ba wanda ya taɓa yi mana wannan bayani. Haka ma hura kaset da baki in ya ƙi kamawa. Kowa ya yi, daga Fagge har Osaka. Masu gyara sun ce cirewa da mayarwar ce ke sa ya kama, danshin baki kuwa tsatsa yake jawo wa haƙoran kaset. Ko yanzu aka ba ni kaset ya ƙi tashi, na san abin da bakina zai yi kafin hankalina ya hana shi.

Wani abin mamaki shi ne kason da Sega ya samu. A gidajen gem na unguwanninmu, kafin zuwan PlayStation, Mega Drive ce sarauniya. Wanda ya ce "Sega" ya gama magana. A nan kuwa kantarta ba ta kai ta Nintendo ba ko kusa. A gida Jafan, inda ta fito a 1988, ta uku ta zo, bayan Super Famicom da PC Engine ta kamfanin NEC, wadda yawancinmu ko sunanta ba mu taɓa ji ba. A Turai da Amurka da Barazil ta yi tashe, mu ma ta can guguwar ta biyo ta same mu. Mortal Kombat ma, wanda ya hana mu cin abincin rana, sai ka yi da gaske kafin ka gan shi. Ba ɗan nan ba ne, a Shikago aka yi shi a 1992, kuma 'yan Jafan ba su ɗauke shi da zafi ba. Ɗan Kanon da ya zo yana tsammanin za a gaisa da shi da Sub-Zero da Scorpion sai ya yi haƙuri.

Inda na samu abin da ya wanke mini rai shi ne wajen faifan PlayStation ta farko, wadda Sony ya fitar a Disamban 1994. Ga Winning Eleven a jere, na Konami, a kan kuɗi kaɗan don suna da yawa. Wannan gem ne ya koya wa samarin arewa sauraron sharhin ƙwallo da Jafananci ba tare da sun san ko kalma ɗaya ba. Muryar da muke kwaikwayo ta Jon Kabira ce. Haka muka haddace jerin zaɓin da ke allo da ido, mun san layi na nawa za a danna a sauya ɗan wasa, ba mu san me aka rubuta ba. Kuma a cikin wannan gem akwai namu. Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, wanda ya buga wa Ajax, yana cikin tawagar da ta ci zinare a Atlanta a 1996, an ba shi gudun da kusan ba mai kamo shi. Ka jefa masa ƙwallo ta gefen dama kawai ka danne madannin gudu. Ba mu kaɗai muka san haka ba. Masu buga gem ɗin a Jafan da sauran ƙasashe sun san sunansa saboda wannan gudun, wasunsu ba su taɓa ganin wasansa na gaske ba. A nan ɗan rakiyata ya shigo hirar da ƙarfinsa, don jikan wannan gem, wanda tun 2021 ake kira eFootball, yana cikin wayarsa.

Kayan da suka fi daraja suna cikin akwatunan gilashi a kulle. Kaset tsirara kuɗinsa daban, mai kwali daban, mai kwali da ɗan littafinsa ba lanƙwasa kuma wani farashi ne na daban. Kasuwar tsofaffin gem ta yi tashin gwauron zabo a duniya, musamman tun lokacin kullen korona. A 2021 an yi gwanjon Super Mario 64 guda ɗaya da ba a taɓa buɗewa ba a Amurka a kan sama da dala miliyan ɗaya da rabi. Baƙi daga ƙetare sun yi yawa a shagunan Akihabara, da na kasa kunne ma na fi jin Turanci da Faransanci da Sifaniyanci a tsakanin kantocin. Ni dai ban ga abin burgewa a kaset ɗin da aka rufe a gilashi shekara talatin ba yaron da ya taɓa hura shi ba. Mai neman na bugawa ya leƙa ƙananan shagunan kayan hannu da ke lungunan unguwar, inda ake zuba waɗanda ba a ba da tabbacin lafiyarsu ba a cikin kwanduna, ka tona da kanka, in ka dace ka dace.

Hawa na biyar ɗan ƙaramin gidan gem ne irin na da. Akwai gunkin Snake na gem ɗin Metal Gear tsaye da tsayin mutum, ana sayar da alewa da lemon kwalba irin na yaran Jafan na wancan zamani, ga kuma injina masu cin kwandala. Wasu tebura ne masu gilashi a sama, allon na kallon rufi, ka zauna ka sunkuya. Wannan siffa tana da tarihi. Da Tomohiro Nishikado na kamfanin Taito ya yi Space Invaders a 1978, irin waɗannan tebura ne suka cika gidajen shan gahawa na Jafan, mutum ya ajiye kofinsa a kan gilashi yana harbi. Dodanni 55 ne ke saukowa, sahu biyar. Kowa ya san yadda suke ƙara sauri in sun ragu har na ƙarshe ya riƙa gudu kamar zai fita daga allon. Asalin abin gazawar inji ce: in dodannin suna da yawa nauyin zana su yana rage masa gudu, in sun ragu sai ya samu sauƙi. Nishikado ya ga abin ya yi daɗi ya bar shi.

Na ɗan daɗe a kan Pac-Man. Toru Iwatani na Namco ya yi shi a 1980 da niyyar jawo mata zuwa gidajen gem da harbe-harbe suka cika. Muna yara mun ɗauka fatalwowin nan huɗu yawo kawai suke yi. Ashe kowacce da halinta. Ja tana bin ka kai tsaye. Mai ruwan hoda tana nufin gabanka don ta tare hanya. Shuɗiya tana lissafi da inda ja take, shi ya sa ba a gane mata. Mai ruwan lemo kuwa in ta matso kusa sai ta karaya ta koma kusurwarta. Da ka san wannan sai gem ɗin ya tashi daga gudun ceton rai ya koma dara. Ba a yi masa ƙarshe ba, amma a mataki na 256 lissafin injin yakan cika ya zube, rabin allon ya rikice da haruffa, ba mai wucewa daga nan.

La'asar ta same mu a can, muka taka zuwa Okachimachi, tasha ɗaya daga Akihabara, inda masallacin As-Salam yake. A dawowa muka tsaya wajen Turkawa masu sayar da kebab, waɗanda ba su da wuyar samu a unguwar. Gara in faɗa tun yanzu: ba duk abin da ke Akihabara ne zai yi wa baƙo irinmu daɗin gani ba. Akwai 'yan mata cikin kayan 'yan aiki suna raba takardun talla a bakin titi, akwai zane-zanen da ba za ka so yaro ya ɗaga kai ya gani ba, wasu hawan benen ma an rubuta na manya ne. Mai zuwa da iyali ya san benen da zai shiga.

Amma in an ce in zaɓi wuri ɗaya a unguwar nan, ba shagon kaset zan zaɓa ba. HEY zan zaɓa, gidan gem da ke kan babban titin Chuo, wanda Taito ke gudanarwa, kamfanin nan dai na Space Invaders. Ƙasa injinan ƙugiya ne masu ɗauko 'yar tsana, wuce su. Hau sama. Haske ya ragu, sanyi ya ƙaru, injina sun yi sahu-sahu, kowanne da kujerarsa 'yar gajeriya, ƙararsu ta haɗu ta zama gurnani ɗaya da kake ji a ƙirji. Hawa na biyu ya yi suna da gem ɗin jiragen harbi, irin su DoDonPachi na kamfanin Cave, inda harsasai ke cika allo har ka rasa inda ɗan jirgin yake. Masu bugawa ba yara ba ne. Magidanta ne, wasu da furfura, wasu da kwat da jakar ofis a jingine da ƙafa. Na tsaya bayan wani ina kallo. Kafaɗarsa ba ta motsi, fuskarsa ba ta nuna komai, yatsu uku kawai ke aiki a kan sandar. Burin irinsu shi ne su gama gem tun daga farko har bos na ƙarshe da kwandala ɗaya, abin da kan ci mutum watanni ko shekaru yana haddace inda kowane harsashi zai fito. Da jirginsa ya fashe, bai buga inji ba, bai yi tsaki ba. Ya goge sandar da ɗan ƙyalle, ya tashi.

A hawa na gaba ake dambe. Street Fighter II na Capcom, 1991, da 'ya'yansa da jikokinsa. A nan na ga tsarin da ya bambanta su da mu. Injinan a haɗe suke baya da baya, kai kana wannan gefe, abokin karawarka yana wancan, ba ka ganin fuskarsa. In kana bugawa wani ya ga dama, sai ya zagaya ya jefa kwandalarsa, allonka ya sanar da kai an ƙalubalance ka. Na zauna, na ɗauki Ken kamar yadda na saba. Abin mamaki, hannu bai manta ba: ƙasa, ƙasa da gaba, gaba, naushi, wutar ta fita. Ina cikin jin daɗina wani ya shigo daga bayan injin da Guile, ya tsuguna a kusurwa, ya hana ni matsowa, ya hana ni tsalle, ya gama da ni cikin ladabi. Na leƙa. Wani mutum ne mai tabarau, sa'ana ko ya ɗan girme ni, ko kallona bai yi ba. Ɗan rakiyata ya dafa ni: "Yaya, a bar wa masu abin abinsu."

Da a gidan gem na unguwarmu ne, wannan kashin da na sha sai an yi mako ana ba da labarinsa. Namu shago ne ɗaya, benci biyu, talabijin biyu ko uku, labule a ƙofa, fanka in akwai wuta. Ka biya naira biyar ko goma, wanda aka ci ya miƙa hannu ya tashi, wanda ya ci ya zauna har sai an samu mai tayar da shi. Kafaɗa na gugar kafaɗa, mai kallo ya fi mai bugawa yawa, kuma kowane mai kallo koci ne. Wanda ba shi da ko sisi ya tsaya a taga. Ana tsakiyar wasa a ɗauke wuta, ihu ya tashi, a fara musun wa ke gaba. Ga kuma fargabar da ba ta rabuwa da kai, ta inuwar yayanka a bakin labule da bulala a hannu, don lokacin Islamiyya ya yi ko canjin cefane bai koma gida ba. Iyaye ba su ƙaunar wurin, kuma ba za a ce ba su da hujja ba. Na ji daɗi da na gano iyayen Jafan ma haka suka yi. Sun ɗauki gidajen gem matattarar yaran da suka fi ƙarfin gida, har daga 1985 aka sa su ƙarƙashin dokar da ke kula da wuraren nishaɗin dare, aka ƙayyade lokacin rufewa da sa'ar da yaro zai bar wurin.

Su ma nasu yana ƙarewa. A 1986 gidajen gem da ke Jafan sun haura 26,000, zuwa 2019 sun dawo wajen 4,000, sannan korona ta zo ta ƙara rage su. PlayStation da waya sun kwashe yara, wannan kowa ya sani. Dalilin da ba a cika faɗa ba yana cikin kwandalar kanta. Yen 100 ake jefawa a zamanin Space Invaders, yen 100 ake jefawa yau a yawancin injina. A tsakani an shigo da harajin saye na kashi 3 cikin ɗari a 1989, ya koma 5, ya koma 8, ya kai 10 a 2019, ga kuɗin wuta da na haya. Mai shago yana iya ƙara yen goma a kan kayansa, amma ramin inji kwandala ɗaya ya sani. Shi ya sa injinan ƙugiya suka ƙwace hawan ƙasa, don mutum kan zuba musu kuɗi da yawa cikin minti ɗaya, alhali gwanin jirgin nan zai riƙe inji rabin sa'a da yen 100. Ƙwarewar da ke kawo mutane kallo ita ce ke cin ribar mai gida. Sega da kansa, wanda jajayen benayensa suka zama tambarin unguwar, ya rufe ɗaya daga cikinsu a ƙarshen Agustan 2020, ya sayar da harkar gidajen gem ɗinsa ga kamfanin Genda, zuwa 2022 aka fara sauke sunansa ana ɗora GiGO.

Injinan da suka rage kuma da jinya suke rayuwa. An daina ƙera irin talabijin ɗin da ke cikinsu, don haka in ɗaya ta mutu sai a ciro daga wani injin da ya riga ta mutuwa. Batirin da ke riƙe ajiyar wasa a cikin kaset yana ƙarewa, farar roba tana komawa ruwan ƙasa. Nintendo ma ya daina karɓar gyaran Famicom tun 2007 saboda kayan gyara sun ƙare. Duk da haka ga su suna aiki, don akwai masu zama da abin walda suna bin su ɗaya bayan ɗaya. A nan ne na ji ƙyashi. Gidajen gem na Kano da Kaduna da Zariya da Damagaram sun raini tsara guda cur, amma ina hotonsu, ina bencinsu, ina kaset ɗin 9999? Yawanci sun bi 'yan jari-bola an auna a sikeli. Kwaikwayo ne, gaskiya, ba mai saka su a akwatin gilashi. Sai dai su ne namu, kuma kiɗan mai nawa da na ce ina kewa a cikinsu kaɗai yake. Wanda ke da ɗaya a ƙarƙashin gado ko a sitoron tsohuwa, ya kakkaɓe ta ya ajiye, ko da ba ta tashi.

Mai niyyar zuwa Akihabara ya daidaita ta faɗo ranar Lahadi, don daga ƙarfe ɗaya na rana ake rufe titin Chuo ga motoci, mutane su bazu a tsakiyar kwalta. Ya tanadi kwandaloli 'yan yen 100, ko da yake kowane gidan gem yana da injin canji. In kuma zuciya ta rinjaye shi ya ce sai ya dawo gida da Famicom, ya nemi samfurin 1993 mai ramin wayar bidiyo, don ta farkon ta hanyar eriya take shiga kuma tashoshin Jafan ta sani. Sannan ya sayi na'urar rage ƙarfin wuta tun kafin ya kai ta kusa da soket. Wutar Jafan 100 ce, tamu 230.